Tumun Shekarar da Aka Rufe Iyaka

A gidanmu ba a cin sabon gero sai babba ya fara sa shi a baki. In gero ya nuna a gona, tun ba a yi maganar girbi ba, sai a karyo zangarniya masu kyau, a gasa su a wuta har su yi ƙamshi. Wannan shi ne tumu. Na farko a kai wa wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya tauna, ya yi addu'a, sannan kowa ya ci. Kakana ya yi wannan. Da ya rasu mahaifina ya karɓa. Da mahaifina ya rasu abin ya koma hannun mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ba a tsallake babba sai in ya mutu. Don haka a wurinmu, cin tumu babu mutum daidai yake da cire shi daga cikin masu rai.

Na fara da wannan ne don in ba a san shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Ni mutum ne mai son a ɗauko abu daga farkonsa.

Garinmu ƙauye ne a yankin Gatawa. Mun bar shi ne bayan mutanen daji sun shigo sun kora shanu sun ƙone rumbuna. Muka shigo Sabon Birni, ni da matata da 'ya'yanmu da Inna, muka sauka gidan taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya ba mu sashe guda a gidansa. Amma ko a cikin gari, in aka ji harbi daga nesa kowa tashi yake ya gudu, ita kuwa Inna gwiwoyinta sun daina ɗaukar ta. Sai ta zauna a tabarma tana kallon mutane suna tsallake ta. Na ga ba za a ci gaba haka ba. Ina da ƙanwa da ke aure a ƙetaren iyaka, wani ƙauye ta wajen Maraɗi, inda a lokacin ake barci da ido biyu rufe. Wurin ba nisa. Mai babur in ya tashi da hantsi yana iya dawowa kafin la'asar. A farkon shekarar, da sanyi, na kai Inna can.

Da za ni juyo ta riƙe bakin rigata.

"Aje ni ka zo yi, awa tsohuwar tukunya."

"Ba aje ki na yi ba, Inna. In gero ya nuna za ni zo da kaina in ɗauke ki, ki buɗe muna tumu."

"Wane gero? Kana da gona?"

"Za ni nemi aro."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta saki rigar. "To, na ji. Allah shi kai mu."

Da na dawo babu aikin yi. Manomin da aka raba da gonarsa, da rani, ba shi da abin da ya wuce zama. Ina da ƙaramar rediyo da na fito da ita daga ƙauye a aljihu. Kowace safiya in na idar da salla sai in zauna ƙarƙashin dogon-yaro kusa da teburin wani mai shayi in kunna ta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina riƙe abin da na ji. Waɗanda suka makara sai su ce in maimaita musu, ni kuma in maimaita a jere: na gida tukuna, sannan na maƙwabta, sannan na nesa. Ba na son a katse ni, kuma kowa ya san haka, ban da taubashina, wanda katse ni shi ne sana'arsa. Ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, don haka a wasanmu shi bawana ne, kuma yana kirana "ranka ya daɗe" da irin muryar da ta fi zagi ciwo.

Babban abu na farko a shekarar shi ne girgizar ƙasa a Turkiyya da Siriya. Gidaje masu hawa-hawa suka zube kan mutane suna barci, cikin sanyin da ya fi namu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka ce masu ceto kan ɗaga hannu su sa kowa ya yi shiru, su kara kunne jikin ɓaraguzai ko za su ji wani yana ƙwanƙwasawa daga ƙasa.  Sai taubashina ya kurɓi shayi.

"Su ai da sauƙi, ranka ya daɗe, ana tono su. Mu wa ke tono mu?"

Mai shayi ya ce, "Kai ba gini ya danne ka ba, tuwo ne."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don ban gama ba da labarin ba.

Bayan wannan sai zaɓe. Muka yi layi a rana muka dangwala. Kowane ɗan takara ya ce in ya hau hanya za ta buɗe, manomi zai koma gonarsa. Aka faɗi wanda ya ci, aka yi ta gardama ƙarƙashin dogon-yaro, aka gaji aka bari. Hanyar garin Isa tana nan yadda take: motoci ba su tashi ɗaya-ɗaya, sai sun taru, sai wani ya zo daga can ya ce lafiya lau, sannan su bi juna a guje, kowa bakinsa na motsi da addu'a.

Cikin azumi yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin manyan sojojinsu biyu. Akwai ɗalibai 'yan ƙasarmu a can. Aka ɗebo su a manyan motoci, suka ratsa hamada, suka isa iyakar Masar, aka ƙi buɗe musu. Suka yi ta zama a bakin shinge. Na ba da wannan labari a cikin na nesa, can ƙarshen jeri, na tausaya musu kamar yadda ake tausaya wa wanda ba a sani ba.

Sai sabon shugaba ya hau, man fetur ya yi tsada a rana guda, masu babur suka rage zuwa ƙetare. A daidai lokacin ruwa ya sauka. Wani dattijo ya ara min fili a bakin gari, kusa ƙwarai, inda kana noma kana jin kiran salla. Daga nan gaba ba mai zuwa sai wanda ya shirya da mutanen daji. Filin ƙarami ne, ƙasar ta gaji, amma na shuka gero, na sa wake a tsakani. Na kira ƙanwata a waya na ce ta gaya wa Inna na samu gona. Inna kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin magana ta waya, sai ƙanwata ta karɓa ta ɗaga murya ta maimaita mata. Na jiyo ta daga nesa tana cewa, "Ki ce mishi kada shi cika iri a rami, halinshi ne."

Muna noman farko aka yi labarin wasu attajirai da suka shiga wani ƙaramin jirgi na ƙarfe suka nutse ƙasan teku don su kalli wani tsohon jirgin ruwa da ya daɗe da nitsewa. Aka daina jin ɗuriyarsu. Rediyo ta yi ta cewa iskar da suke shaƙa tana ƙarewa, ga shi ƙofar daga waje ake kulle ta. Daga baya aka gano ruwa ya matse jirgin tun farko.

Taubashina ya ce, "Mutum da ƙafarshi, da dukiyarshi, shi shiga tukunya shi ce a rufe! Da sun zo nan sun karɓi wurinmu, mu mu tahi nasu. Rufewa dai suke so, ga ta nan a banza."

Babbar salla ta zo ta wuce ina cikin noma na biyu. Na ce ba komai, ai gero na nuna za ni je gaba ɗaya.

Gero ya kai ƙugu, ya fara ɗaukar ciki, sai wata safiya rediyo ta ce sojoji masu gadin shugaban Nijar sun tsare shi a cikin gidansa. Kafin a jima suka ce sun karɓi mulki. Ran nan dogon-yaro bai ɗauki mutane ba. Rabin garin nan suna da uwa ko 'ya ko suruki a can. Mu Gobirawa iyakar nan ta ratsa ta tsakiyarmu ne, kaka ɗaya, bakin magana ɗaya. Na rasa inda za ni sa labarin, cikin na maƙwabta ko cikin na gida. Bayan 'yan kwanaki aka ce shugabannin ƙasashen yankin sun yi fushi, an rufe iyaka, an yanke musu wutar lantarki, har ana maganar tura sojoji.

Wani tsoho da ba ya cika magana ya ce, "Yaƙi da wa? Da surukaina?"



Ban jira gero ya nuna ba. Na samu mai babur na ce ya kai ni in ɗauko Inna tun abin bai yi nisa ba. Muka isa shinge muka tarar da motocin kaya jere, direbobi kwance ƙarƙashinsu, albasa tana ruɓewa tana wari. Na sauka na gyara hula na je na yi wa sojan da ke gadin shingen bayani tun daga farko, yadda muka bar ƙauye, da gwiwar Inna, da alkawarin. Ya saurara har na gama, na yaba masa da wannan.

"Baba, na ji. Ni ma tsohuwata tana gida. Amma umarni ne daga sama. Ka koma."

Na ce wa mai babur mu bi ta daji. Ya kashe injin ya juyo ya dube ni.

"Malam, ta mashigin gulbi ake bi, kuma suna nan. Shekaranjiya suka kwashi mutane. Namiji mai furfura irinka shi suke so, sun san yana da iyalin da za su sayar da komi su fanshe shi. Kuma ko mun wuce, da tsohuwa za mu dawo. In an ce a gudu fa?"

 Muka juyo. Daga shingen ina hango itatuwan ƙetare, irin namu ne, gawo da aduwa.

Daga nan sai waya. Ita ma ba kullum take shiga ba, sai an hau wani tudu bayan makaranta an yi ta juya ta. Ƙanwata ta ce Inna ta rage cin abinci. Da safe sai ta sa a ja mata tabarma bakin ƙofa, ta zauna tana fuskantar kudu, wajenmu. Ba ta tambayar juyin mulki, ba ta tambayar iyaka. Tambayarta ɗaya ce: gero ya nuna?

Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara cika ido. A cikin waɗannan kwanaki rediyo ta koma maganar zuwa duniyar wata. Ƙasashe biyu suka harba kumbo, kowa na son ya riga sauka a wani ɓangare na watan da ba a taɓa sauka ba. Na Rasha ya faɗi ya tarwatse. Na Indiya ya sauka lafiya, har wata 'yar ƙaramar mota ta fito daga cikinsa tana yawo a kan ƙasar wata, mutane suna nan duniya suna tuƙa ta.

Mai shayi ya ajiye buta. "Indiya? Waɗanda muka sani da rawa cikin ruwan sama?"

"Su fa," in ji taubashina. "Daga bana mun huta da ɗaga kai neman watan azumi. Sai mu buga musu waya mu ce, ku da ke kai, ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Wani ya ce a tambaye su ko akwai fili can da ba a biyan mutanen daji kafin a shuka. Wani ya ce ƙarya ce duka, a cikin ɗaki aka ɗauki hoton. Taubashina ya juyo kaina.

"Ranka ya daɗe, mi ya hana ka roƙe su aron motar? Wadda ta kai wata ai Maraɗi ba ta gagarar ta."

Na ce, "Bawa, in babba na magana ana rufe baki." Amma ban ci gaba ba. Na kashe rediyo na tafi gona.

Ba a cika mako biyu ba gero ya nuna. Na murza ƙwaya ɗaya da farce, farin ruwa ya fito, washegari ya yi kauri. Lokacin tumu ne daidai. Gari ya ɗauki ƙamshin gashi. Duk inda ka bi da la'asar, mata sun hura wuta a ƙofar gida, yara sun yi da'ira bakinsu baƙi da toka. A gidan da muke ma haka. Taubashina al'adar gidan ubansa yake bi, ba ta gidanmu ba, don haka iyalinsa suka gasa nasu a tsakar gida. Matata ta tattara 'ya'yanmu ta shigar da su ɗaki ta saki labule. Hatsin bara da muka samu na taimako ya kusa ƙarewa, mun koma tuwo sau ɗaya a yini, ga tsuntsayen jan-baki sun gano gonar suna sauka a kanta kamar hayaƙi.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Ta jira har na ci abinci na wanke hannu.

"Malam, yau ƙaramar ta tsinci ƙwayar da ta faɗi ƙasa. Na buge hannunta. Ban taɓa bugun ɗiyata kan abinci ba."

"Na ji."

"Ba ji nake so ka yi ba. Har yaushe?"

"Har Inna ta buɗe."

"In iyakar ta kai baɗi fa?"

Na tashi na fita.

Taubashina ya tare ni a zaure. Wannan karon babu wasa a muryarsa, ko da yake bai bar kiran da yake min ba.

"Ranka ya daɗe, abin nan mai sauƙi ne. Ka hau tudu ka kira, a gaya mata, ta ce ta yafe, ku ci. Tsuntsu ba shi jiran a buɗe iyaka."

Maganar ta shige ni. Na hau tudu na kira ƙanwata na faɗa mata. Na ji ta matsa nesa da inda Inna take.

"Yaya, kada ka tambaye ta. In ka tambaya cewa za ta yi ku ci, ka san ta. Amma daga ranar ba za ta ƙara cewa a ja mata tabarma bakin ƙofa ba. Abin nan kaɗai take jira."

"In muka ci ba mu faɗa ba fa?"

"Kai za ka iya? Ta tambaye ka kai tsaye ka ce mata a'a?"

Ta san ba za ni iya ba. Na sauko daga tudun na koma gona na yi ta korar tsuntsu da gwangwani har rana ta faɗi. Ga gero a gabana ya sunkuyar da kai, ga yunwa a ɗakina, kuma ba hanya ko ta ina.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana, ƙawar Inna tun suna amare. Rugarsu tana kusa da ƙauyenmu, ita ke kawo mana nono, Inna ta ba ta gero. Muna kiranta Goggo. Su ma mutanen daji sun kwashe musu shanu, suka matso bakin gari da ɗan abin da ya rage. Amma a gari mutane sun daina sakin fuska da duk wani Bafulatani. In ta shigo kasuwa da ƙwaryarta sai a yi ta kallonta ta wutsiyar ido, wasu su ce leƙen asiri take. Don haka ta rage shigowa. Wata safiya na tarar da ita zaune a bakin gonar, ta sauke ƙwarya, tana kallon geron.

"Kaɗo, geronka ya wuce tumu ko yana shirin wucewa. Ina ƙawata?"

Na gaishe ta na zauna na ba ta labari daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tofar da ɗan itacen da take taunawa.

"Ɗiyata na can ƙetare, ta haihu, ban ga jinjirin ba. Gobe za ni. Ba ta mashigi ba, ta burtali, inda muke bi da shanu tun ba a haife ka ba. Gasa ka ba ni."

"Goggo, in suka tare ki fa?"

"Su ɗauki mi? Haƙori ko shanu? Duka sun riga sun tahi."

"Ba za ni sa ki cikin haɗari don al'adar gidanmu ba."

"Wa ya ce don kai za ni? Kai dai da son a ce kai ka tsara komi. Tun kana rarrafe haka kake, kana jera duwatsu. Tashi ka karyo."

Na tashi. Na bi kunya-kunya na zaɓi zangarniya mafi cika, waɗanda tsuntsu bai taɓa ba. Washegari da sassafe na hura wuta da kaina a bayan katangar gida, inda yara ba za su ji ƙamshin sosai ba, na gasa, na naɗe su cikin farin ƙyalle. Goggo ta sa a ƙasan ƙwarya, ta ɗora ƙunshin kayanta, ta rufe da faifai, ta ɗauka a ka. Ba ta da waya. Na raka ta har ƙarshen gonar. Daga nan ta yi arewa cikin dogayen ciyayi, ina ganin ƙwaryar tana sama tana ƙasa har ta ɓace.

Sai jira. A cikin kwanakin nan ƙasa ta girgiza a Maroko, ƙauyukan kan dutse suka rushe, hanyoyin zuwa gare su suka toshe. Ba a gama wannan ba ruwa ya fasa madatsai a Libiya cikin wani gari na bakin teku, ya kwashi unguwanni da mutanensu ya zuba a teku. Na zauna ƙarƙashin dogon-yaro ina maimaitawa, sai na ji kaina ina sa ambaliyar a Maroko, girgizar a Libiya, na dawo na gyara, na sake rikicewa. Ban taɓa yin haka ba. Na jira taubashina ya kama ni. Ya dubi kofinsa kawai, ya ce wa mai shayi ya ƙara min.

Kullum da hantsi da la'asar ina kan tudu. Ko wayar ba ta shiga ba, ko ta shiga ƙanwata ta ce ba su ga kowa ba. Na fara lissafa abin da za ni ce wa 'ya'yan Goggo. Geron kuma yana ta bushewa a kai.

Ran da wayar ta yi ƙara ina gona ne, inda ba ta taɓa shiga ba. Kafin in ɗauka ta katse. Na gudu tudu, ni da ban gudu ba ko ranar da aka ƙone rumbuna. Na kira. Ƙanwata ta ɗauka tana dariya tana jan hanci.

"Yaya, ta iso. Ƙafarta ta kumbura, ta yi kwanaki a wata ruga tana jiran ruwa shi janye. Ga su nan zaune. Saurara."

Na kara kunne. Na ji ana murza abu a tafin hannu, na ji an hura. Sai shiru mai tsawo, don haƙoran Inna kaɗan suka rage. Sannan muryarta, da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ki ce mishi wuta ta yi yawa."

Na ce, "Ki ce mata na ji."

"Kuma ƙasar aro ce, ana ji. Ba shi kai na gida ba."

Na jiyo Goggo daga gefe tana cewa, "Ci ki yi shiru, tsohuwa, a kaina na ɗauko shi."

Sai Inna ta yi bisimilla ta fara addu'ar, yadda mahaifina yake yi, yadda kakana yake yi: ga gona, ga ruwa, ga masu noma, ga waɗanda suka riga mu, ga baƙo da maƙwabci. Na tsaya a kan tudu hulata a hannu ina cewa amin, masu wucewa suna kallona. Da ta gama ta ce, "To, su ci."

Na sauko na wuce gona na karyo cike da hannu biyu. Matata ta hura wuta a tsakar gida, ba a ɓoye ba, ta ɗage labule. Geron ya riga ya yi tauri, ya wuce lokacin da yake da zaƙi, yana ƙara a baki kamar tsakuwa. Yaran suka ci har suka lashe tokar hannunsu. Taubashina ya zo ya tsuguna ya ɗauki guda ba a ba shi ba, ya tauna ya yamutsa fuska.

"Ranka ya daɗe, wannan ko motar Indiya ba ta niƙa shi."

Na ce, "Bawa ba ya zaɓen abinci."

Goggo ba ta dawo ba. Bayan wucewarta mutanen daji suka kafa zango a kan burtalin, aka aiko mata kada ta taso. Ta raba zamanta tsakanin gidan 'yarta da wurin Inna. Na je rugarsu na gaya wa 'ya'yanta da bakina, na kai musu daga cikin geron da na girba, wanda bai da yawa bayan abin da tsuntsu ya ci. Muna ɗaurin dami yaƙi ya tashi a Gaza, mutane cikin ɗan siririn wuri, teku a gefe guda, shinge a sauran, an ce su gudu kuma ba ƙofa. Na ba da labarin daidai, a jere, ba wanda ya yi wasa a kansa.

Shekarar ta ƙare iyaka na rufe. Ban cika alkawarin zuwa da kaina ba, kuma Inna ba ta ƙara tayar da shi ba. Ƙanwata ta ce ta koma cin abinci, don Goggo ba ta barin ta, sai su zauna bakin ƙofa su biyu suna musu kan wadda ta girmi wata. Da na ware zangarniyar iri na rataye a ɗaki, na hau tudu don a sanar da ita, kamar yadda ake yi. Ƙanwata ta ɗaga murya ta faɗa mata. Na ji tsofaffin biyu suna magana ƙasa-ƙasa, sannan Inna ta ce:

"Ki ce mishi shi aje da yawa. Baɗi mu biyu ke buɗewa, kuma wannan Bafillatar ci gare ta."